Dakta Donald Gleason: likitan da ya tsara ma'aunin zafin sankarar furostet

Magidancin da ya haura shekara 60 a Suleja, wanda fitsari ya fara yi masa gardama, yakan fara zuwa babban asibitin garin ne. Idan gwajin jini ya nuna abin da bai kwanta wa likita a rai ba, sai a tura shi gaba, ko dai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, inda za a sa allura a ciro 'yan siraran tsoka a kai ɗakin gwaji. Bayan kwanaki ko makonni sai takardar sakamako ta fito. Idan an samu cutar daji, a jikin takardar akwai wani ɗan lissafi mai kama da na 'yan firamare: 3+3=6, ko 4+3=7, ko 5+4=9. A gaban lissafin kuma an rubuta kalmar Gleason.

Da yawa daga cikin masu karɓar irin wannan takarda suna ɗauka sunan wata na'ura ce ko wani magani. Sunan mutum ne, Dakta Donald Floyd Gleason, likita ɗan ƙasar Amurka wanda ya rayu daga 1920 zuwa 2008. Sana'arsa duba tsokar majinyata ce a ƙarƙashin madubin ƙara girma, saboda haka yawancin waɗanda ya yi wa aiki ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Amma ɗan lissafin da ya tsara a shekarun 1960 yana cikin manyan abubuwan da likita ke dubawa har yau, a Zariya ko Kano ko Landan, kafin ya ce a yi wa mutum tiyata, ko a gasa wurin, ko a ba shi magani, ko kuma a bar shi ana sa masa ido.

Abin da ake aunawa

Furostet wani ɗan ƙullutu ne da maza kaɗai ke da shi. Yana ƙarƙashin mafitsara, girmansa a jikin saurayi bai wuce na goro ba, nauyinsa kuma kamar giram 20. Bututun da fitsari ke bi ya ratsa ta tsakiyarsa, aikinsa kuwa shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Saboda kusancinsa da mafitsara ne jama'a kan kira cutar dajin da ke kama shi sankarar mafitsarar maza, duk da cewa ita mafitsarar daban take.

Wannan sankara tana da wani hali da ya daɗe yana rikita likitoci. Binciken gawarwaki a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa tsofaffi da yawa suna mutuwa da ita a jikinsu ba tare da ta taɓa damunsu ba, wani abu dabam ne ya yi ajalinsu. A gefe guda kuma akwai wadda take bazuwa cikin ƙashin baya da na ƙugu, ta kwantar da mutum cikin 'yan shekaru. Suna ɗaya ake kiransu da shi, halinsu kuwa ya yi hannun riga. Likitan da ya kasa bambance su zai faɗa ɗayan kuskure biyu: ya yanka mutumin da bai buƙata, ya bar shi da yoyon fitsari ko raunin mazakuta, ko kuma ya yi sakaci da wanda cutarsa ke gudu. Wannan bambanci shi ne abin da Gleason ya ba da shekarun aikinsa a kai.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 20 ga Nuwamba, 1920, a garin Spencer na jihar Iowa, ya kuma tashi a Litchfield, wani ƙaramin gari a jihar Minnesota da ke arewacin Amurka. Mahaifinsa yana da shagon sayar da kayan gini da na aikin hannu, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce. Ya yi karatunsa a Jami'ar Minnesota, inda ya samu digirin farko, sannan digirin likita a 1944, daga baya kuma digirin digirgir.

Lokacin da ya kammala karatun likita ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi shekarar koyon aiki a asibitin Jami'ar Maryland da ke Baltimore yana da muƙamin laftanar a sashen lafiya na rundunar sojan Amurka. Bayan haka ya koma jiharsa, ya shiga asibitin tsofaffin sojoji da ke Minneapolis, inda ya ƙware a fannin gano cuta ta hanyar duba tsoka. A nan ya yi ta hawa har ya zama shugaban wannan sashe.

A shekarar da aka haife shi, a cikin jihar da ya tashi, wani likita mai suna Albert Broders na asibitin Mayo da ke Rochester ya wallafa bincike a kan sankarar leɓe. Broders ya raba cutar zuwa mataki 4, gwargwadon yadda ƙwayoyinta suka bar kamannin ƙwayoyin jiki masu lafiya. Daga nan ne al'adar sa wa sankara maki ta samo asali. Tsarin ya yi amfani a sassan jiki da dama, amma a furostet bai ba da amsa mai gamsarwa ba. Masana suka yi ta fito da nasu tsare-tsaren, kowane asibiti da irin nasa, har ya zama abin da likitan wani gari ya kira mai sauƙi, na wani garin ya kira shi matsakaici.

Buƙatar da ta taso a 1962

Tun a 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Chicago suka nuna cewa sankarar furostet tana dogara da sinadarin mazantaka, kuma idan aka rage shi, ta hanyar cire maraina ko ba da sinadarin mata, cutar takan lafa. Wannan bincike ne ya kai Huggins ga lambar yabo ta Nobel a 1966. Sai dai an shekara kusan 20 ana amfani da hanyar ba tare da an tantance wa take yi wa amfani da kuma nawa ya kamata a bayar ba.

A 1960 hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta kafa wani ayarin bincike na haɗin gwiwa domin gwada waɗannan magunguna a kan majinyata masu yawa. Asibitoci 14 ne suka shiga, jagoran aikin kuma shi ne Dakta George Mellinger, shugaban sashen cututtukan mafitsara a asibitin Minneapolis. Ba a je ko'ina ba Mellinger ya ci karo da cikas. Ba yadda za a kwatanta magani da magani idan ba a san ko majinyatan ɓangarorin biyu suna ɗauke da cuta mai zafi iri ɗaya ba, kuma rahotannin da ke zuwa daga asibitocin kowanne da harshensa. A 1962 ya nemi Gleason, wanda bai daɗe da haura shekara 40 ba, kuma ba a san shi a wajen asibitinsu ba, ya tsara ma'auni guda da kowa zai bi.

Yadda ya yi aikin

Gleason ya ɗauki hanyoyi biyu da suka raba aikinsa da na magabatansa. Ta farko ita ce inda ya sa ido. Masu bin tsarin Broders sukan ƙara ƙarfin madubi su duba ƙwayar halitta ɗaya-ɗaya, girmanta da duhun cibiyarta da yadda take rabuwa. Shi kuwa sai ya rage ƙarfin madubin, ya dubi yadda ƙwayoyin suka jeru. A cikin furostet mai lafiya ƙwayoyin sukan haɗu su yi 'yan jakunkuna, kowace da bangonta da ramin tsakiyarta. Abin da ya tambayi kansa shi ne: shin sankarar tana iya gina waɗannan jakunkuna har yanzu, ko ta manta ginin? Misalinsa kamar mutumin da ya hau tudu yana kallon gari. Ba ya ganin fuskar kowa, amma yana ganin unguwar da gidajenta ke tsaye a jere da wadda katangunta suka zube.

Hanya ta biyu ita ce ya hana kansa sanin makomar majinyatan. Ya duba tsokar mutum 270 ba tare da sanin wanda ya mutu da wanda ke raye ba, domin kada sanin ya ja idonsa. Ya rubuta siffofin da ya gani, waɗanda da farko suka kai 9. Aka aika bayanan ga masana lissafi a Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Amurka, cikinsu har da John Bailar, su kuma suka gwada su da bayanan mace-mace. Siffofin da makomar masu su ta zo ɗaya aka haɗe su, sai suka koma 5.

Ga yadda ake fahimtar su. A siffa ta 1 da ta 2 jakunkunan suna nan a zagaye, kusan girmansu ɗaya, sun taru wuri guda da iyaka bayyananna. A ta 3 girmansu ya bambanta, sun fara kutsawa cikin tsoka mai lafiya, amma kowace tana da bangonta. A ta 4 bangayen sun fara rushewa, jakunkunan sun manne da juna, wani lokaci su yi huji-huji kamar rariya. A ta 5 babu sauran jaka, sai ƙwayoyi a shimfiɗe ko a warwatse, wani lokaci da matacciyar tsoka a tsakiyarsu.

Akwai kuma abin da ya lura da shi wanda ya zama ƙashin bayan tsarin. Sau da yawa tsokar mutum guda tana ɗauke da siffa fiye da ɗaya. A sauran cututtukan daji al'ada ita ce a ɗauki mafi muni a yi hukunci da ita. Alƙaluman da aka tattara sun nuna cewa masu siffa biyu makomarsu takan faɗa tsakanin ta siffofin biyu. Saboda haka ya ce a rubuta siffar da ta fi yawa, a rubuta mai bi mata, sannan a tara. Idan siffa ɗaya ce kawai, a ninka ta. Da haka makin ya kama daga 2 zuwa 10, kuma gwargwadon hawansa, gwargwadon yawan waɗanda cutar ta kashe.

A 1966 ya wallafa sakamakon a wata mujallar masana mai suna Cancer Chemotherapy Reports, a rubutun da bai wuce shafi 4 ba. Ya kuma zana siffofin 5 da hannunsa a hoto guda, tun daga jakunkuna masu tsari a sama har zuwa warwatsattsun ƙwayoyi a ƙasa. Wannan zane ya taimaka wa tsarin ƙwarai, domin likitan da bai taɓa haɗuwa da Gleason ba yana iya ajiye shi kusa da madubinsa ya riƙa kwatantawa. A 1974 shi da Mellinger suka wallafa wani binciken a kan majinyata 1,032, wanda ya nuna cewa idan aka haɗa makin da matakin bazuwar cutar, hasashen yana ƙara inganci. Kafin ayarin ya kammala aikinsa an auna tsarin a kan mutum fiye da 4,000.

Ayarin ya kuma amsa tambayar da aka kafa shi dominta. Ya gano cewa sinadarin mata da ake bayarwa da yawa yana rage mace-macen sankara, amma yana ƙara mace-macen ciwon zuciya da toshewar jijiyoyin jini, har ribar ta tafi. Wannan ya sa likitoci suka rage yawan abin da suke bayarwa.

Shekara 20 na jira

Duniyar likitoci ba ta rungumi tsarin nan take ba. An yi shekaru ana amfani da shi kafaɗa da kafaɗa da wasu tsare-tsaren, ciki har da na Dakta Fathollah Mostofi, wanda ya fi mai da hankali kan kamannin ƙwayoyi. Wasu masana suna ganin bai dace a yi watsi da cibiyar ƙwaya ba, alhali a kanta aka gina ilimin gano sankara. Wasu kuma suna ƙorafin cewa likita biyu za su iya duba tsoka ɗaya su ba da maki daban.

Gleason bai musanta wannan ƙorafi ba. Ya sake duba tsokar da ya taɓa sa wa maki, ya kuma bayyana cewa kusan rabin lokaci ne kawai ya maimaita makinsa daidai, ko da yake a mafi yawan lokuta saɓanin bai wuce maki ɗaya ba. Hujjarsa ita ce duk da wannan rauni, makin yana bin makomar majinyata fiye da duk abin da ake da shi a lokacin. A tsakiyar shekarun 1970 ya bar asibitin tsofaffin sojoji ya koma asibitin Fairview da ke Minneapolis, yana kuma koyarwa a Jami'ar Minnesota, har ya yi ritaya a 1986.

Sannu ba ta hana zuwa. Shekara guda bayan ritayarsa, a 1987, wasu manyan masana 7 na wannan fanni suka ba da shawarar a riƙa amfani da ma'aunin Gleason a duk rubuce-rubucen bincike kan sankarar furostet. Abubuwa biyu kuma suka zo suka ƙara masa ƙarfi. Na farko gwajin jini na PSA, wato wani sinadari da furostet ke fitarwa, wanda masu bincike a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo suka tace a 1979. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986 domin bibiyar masu cutar, sannan a 1994 domin taimakawa wajen gano ta. Na biyu kuma hanyar ciro tsoka da siririyar allura daga wurare 6 na furostet, wadda likitocin Jami'ar Stanford suka bayyana a 1989. Cikin ɗan lokaci aka fara gano cutar a jikin ɗimbin maza da ba su da wata alama, kuma kowannensu yana son sanin ko tasa mai gudu ce ko mai rarrafe. Makin Gleason ya zama amsar farko da ake ba su.

Gyare-gyaren da aka yi

Gleason ya gina tsarinsa a kan manyan yankunan tsoka da ake samu a wancan zamani. Da aka koma siraran allurai, kuma aka samu rinin da ke bambance sankara da abin da ya yi kama da ita, sai aka ga buƙatar gyara. A 2005, yana raye, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana wannan fanni ta zauna ta sake fasalin wasu ƙa'idoji. Aka kusan daina sa siffa ta 1 da ta 2 a tsokar allura, aka kuma ce a irin wannan tsoka a tara siffar da ta fi yawa da wadda ta fi muni.

Wannan ya haifar da wani ruɗani da ke damun majinyata har yau. Mutumin da aka ce masa makinsa 6 cikin 10 zai ɗauka cutarsa ta wuce rabin hanya, alhali 6 shi ne mafi ƙanƙantar makin da ake bayarwa a aikace. Haka kuma 3+4 da 4+3 duk 7 suke bayarwa, amma na biyun ya fi haɗari, tunda a cikinsa siffa ta 4 ce ta fi yawa. Domin magance wannan ne masana a Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin Dakta Jonathan Epstein, suka kawo shawarar rukunoni 5, aka amince da ita a wani taro a Chicago a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta karɓe ta a 2016. Rukuni na 1 shi ne maki 6 ko ƙasa da haka. Rukuni na 2 shi ne 3+4, na 3 kuma 4+3. Rukuni na 4 maki 8 ne, na 5 kuwa maki 9 da 10. Rukunonin sabon jeri ne kawai, domin har yanzu siffofin Gleason ake dubawa kafin a kai gare su.

Ƙidayar ƙwayoyin da ke rabuwa

Ma'aunin Gleason yana duba fasalin ginin sankara ne, ba ya auna saurin hayayyafarta kai tsaye. Masu bincike na baya sun nemi cike wannan giɓi. A 1983 Johannes Gerdes da abokan aikinsa a birnin Kiel na Jamus suka gano wata alama da ke bayyana a cibiyar ƙwayar da ke shirin rabuwa ko take cikin rabuwa, ba ta kuma bayyana a ƙwayar da ke hutawa. Suka sa mata suna Ki-67, haruffan daga sunan birnin, lambar kuma daga gurbin da aka same ta a farantin gwaji. Idan aka rina tsoka da wani rini na musamman, ƙwayoyin da ke ɗauke da alamar sukan yi launin ƙasa-ƙasa, sai a ƙirga kashi nawa ne cikin ɗari.

Bincike da dama ya nuna cewa yawan Ki-67 yakan tafi tare da hawan makin Gleason, kuma a tsakanin masu maki ɗaya, wanda ƙwayoyinsa suka fi rabuwa ya fi fuskantar dawowar cutar ko bazuwarta. Duk da haka alamar ba ta shiga cikin gwajin yau da kullum na furostet ba. Ɗakunan gwaji sun bambanta a yadda suke rini da yadda suke ƙirga, kuma masana ba su haɗu a kan adadin da za a kira mai yawa ba. Akwai kuma gwaje-gwajen ƙwayoyin gado da ke auna wannan sauri, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin majinyata. Ko a 2020 da masu bincike a Suwidin da Holan suka wallafa sakamakon koya wa kwamfuta duba tsokar furostet, abin da suka koya mata shi ne ba da makin Gleason. Ma'aunin ba ya buƙatar komai sai madubi, da rinin da kowane ɗakin gwajin tsoka ke da shi, da idon da ya samu horo. Wannan ne ya sa ya isa ƙasashe irin Najeriya.

Ƙarshen rayuwarsa

Gleason ya yi shekara 22 bayan ritaya, ya ga tsarinsa ya shiga littattafan koyar da likitoci, ya kuma ga an fara yi masa gyara. A 1992 ya wallafa wani rubutu yana waiwayen yadda aka gina ma'aunin, da inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2008, a Edina kusa da Minneapolis, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 88. Ya bar mata da 'ya'ya mata 3 da jikoki. Kusan duk rayuwar aikinsa a birni guda ya yi ta.

Abin da makin ke nufi a gida

Sankarar furostet ita ce cutar dajin da ta fi kama maza a Najeriya, kamar yadda ƙididdigar cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna. An kuma tabbatar cewa baƙar fata sun fi shiga haɗarinta. A Amurka yawan baƙaƙen fatar da take kashewa ya kai kusan ninki biyu na fararen fata. Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, yana kuma ƙaruwa ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar.

Rahotannin da likitoci suka wallafa daga asibitocin koyarwa na ƙasar nan, har da na Kano da Zariya, suna maimaita abu guda: yawancin majinyata suna zuwa a makare, makinsu ya hau, kuma sau da yawa cutar ta riga ta fita daga furostet. Dalilan sanannu ne. Akwai kunyar maganar abin da ya shafi al'aura, da ɗaukar ciwon baya a matsayin gajiyar tsufa, da daɗewa wajen masu maganin gargajiya, da kuɗin gwaji da na mota, ga kuma ƙarancin likitocin da ke duba tsoka, wanda ke sa sakamako ya daɗe. A irin wannan mataki makin Gleason yana taimakawa wajen zaɓen maganin da zai rage raɗaɗi ya tsawaita kwana, amma damar warkewa ta riga ta ƙuntata.

Inda aka gano cutar da wuri labarin ya sha bamban. Wani babban bincike a Birtaniya ya bi maza 1,643 da aka gano cutarsu tun ba ta fita daga furostet ba, aka raba su tsakanin tiyata da gashi da sa ido. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15, kusan kashi 97 cikin 100 ba su mutu da sankarar ba, ko wace hanya aka bi da su. Yawancinsu masu ƙaramin maki ne ko matsakaici. Saboda haka a yau mai rukuni na 1 sau da yawa ba a gaggauta yi masa tiyata, ana bibiyarsa da gwaji ne lokaci-lokaci, mai rukuni na 4 ko na 5 kuwa ba a jira da shi.

Ya kamata a sani cewa yawancin tsofaffin da fitsari ke yi wa wuya kumburin furostet ne ke damunsu, wanda ba sankara ba ne, kuma ita sankarar a farkonta sau da yawa ba ta nuna alama. Haka nan hawan PSA shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar, sai an duba tsoka. Ƙungiyoyin yaƙi da cutar daji a Amurka da Birtaniya suna ba baƙar fata shawarar su fara tattauna gwajin da likita tun suna shekara 45. Gwamnatin Tarayya kuma tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, wanda aka fara da wasu manyan asibitoci, ciki har da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Magidancin Suleja da ya dawo gida da takardarsa, ko ɗansa da ya raka shi, yana da haƙƙin a yi masa bayanin lissafin da ke jikinta. Ya tambayi likita wace lamba ce ta zo farko, kuma wane rukuni makin ya faɗa. Ya tambayi cikin siraran tsokar da aka ciro guda nawa ne aka samu cutar, kuma ko hoto ya nuna ta fita daga furostet. Idan hukuncin da za a yanke babba ne, yana iya neman wani likitan ya sake duba tsokar, tunda shi kansa mai ma'aunin ya nuna cewa ido kan saɓa da maki ɗaya, kuma tsakanin 6 da 7 hanyar magani tana iya canzawa.